Da Me Ka Gane? Koya wa Yara Karatun Hoto



Ku shiga aji ɗaya ko aji biyu a kowace firamare a yankin Abuja, daga Nyanya har Kwali, ku saurari abin da ke faruwa in an zo shafi mai hoto. Malama za ta ce, "Mene ne wannan?" Yara su amsa gaba ɗaya, "Akuya!" Shi ke nan, an juya shafi. Yaron ya faɗi sunan abu, amma ba a nemi tunaninsa ba. Shi ne kuma zai kai aji shida yana karanta labari tiryan-tiryan, a tambaye shi dalilin da ya sa sarki ya fusata, ya yi shiru, domin ba a rubuta amsar ƙarara a shafin ba.

Tambayoyi uku nake roƙon ku riƙe. Me ka gani? Me kake zaton yana faruwa? Sai babbarsu: da me ka gane?

Na san za a ce babu littattafai. Gaskiya ne, kuma abin yana ci mini rai. Amma akwai hoto a aljihunku. Ku juya takardar naira goma: matan Fulani ne ɗauke da ƙore a ka. Wani yaro zai ce tallan nono za su. Da me ka gane? Zai nuna ƙwaryar, ya nuna shigarsu, ya ce haka yake ganin su a kasuwa. Yarinya 'yar Gbagyi kuwa tana iya cewa waɗannan ba matan garinsu ba ne, domin a wajensu a kafaɗa ake ɗaukar kaya. Kun ga ta haɗa abin da ke cikin hoto da abin da ta zo da shi daga gida, ta fitar da magana mai hujja. Ajin Abuja, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Gbagyi ke zaune a benci ɗaya, ya fi ko'ina dacewa da wannan darasi, don kowa da abin da idonsa zai kamo.

A bayan naira ashirin ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Kada ku yi saurin ba da tarihinta. Ku tambaya tukuna: me zai sa a sa hoton mai ginin tukwane a kan kuɗi? Ku bar su su yi ta laluben dalili. Sai sun ƙosa su sani za ku gaya musu cewa 'yar Kwali ce, nan kusa da mu, ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, aikinta ya kai ta har Ingila da Amurka.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yaranmu sun iya wannan tun kafin su shiga makaranta. Suna ganin fuskar uba daga ƙofa sun san ko yau ranar neman kuɗin alewa ce. Aikinmu shi ne mu kawo wannan basira kan takarda.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Kada a bar yaro ya riƙa cankar kalma daga hoto. In an rubuta "tunkiya" ya ce "akuya" don ya leƙi zane, a mayar da shi kan baƙaƙe da wasula, ya haɗa su da kansa. Hoto na taimakon fahimta ne, haruffa kuma dole a koye su.

In amsar yaro ta kauce, kada a ce masa "ba daidai ba" a wuce. A ce ya sa yatsa a kan abin da ya sa ya faɗi haka. Sau da yawa yana dubawa zai gyara da kansa. Yaran nan da waya za su girma, za a turo musu hotuna a WhatsApp a ce ga abin da ya faru jiya a gari kaza, kuma za su buƙaci wannan tambaya ta "da me ka gane?"

Minti biyar a farkon darasi ya isa. Ku gwada ranar Litinin.