Birki mai fizga da birki mai jan gefe: jawabin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka ƙetaro daga Jibiya da Katsina, da 'yan uwana direbobi, barkanmu da ganin wannan rana. Kwamitin biki ya ba ni ɗan lokaci, na roƙi alfarma in yi magana a kan birkin a-kori-kura, wadda mu a nan Maraɗi muke ce wa bashe. Na san wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da birki, ai wannan na direba ne da makanike. To, littafin ƙorafi a teburina yake. Idan mota ta faɗa rami, buhunan da suka fashe na mai kaya ne, kuma sau da yawa shi kansa yana zaune a gaba, ɗansa yana bisa lodi. Abin da direba ke faɗa mini in rubuta kusan kullum ɗaya ne: "Birki ne ya tsinke." Idan na matsa da tambaya, sai in tarar birkin ya daɗe yana ba da sanarwa, ba a saurare shi ba. Shi ya sa na zauna da makanikanmu na nan da na ƙetare, na tattaro abin da zan faɗa muku.

Yawancin motocin nan irin Hilux, birkin gaba faifai ne, na baya kuma ganga. Faifan gaba akwai takalma biyu da ke matse shi, waɗanda makanikan Katsina ke kira fad, namu ke kira falaket. Na baya kuwa takalman a cikin gangar suke, suna buɗewa su dafe ta. Wanda ya riƙe wannan ya sami rabin ganewa.

Idan ka taka birki a kwalta mai laushi ka ji mota tana kama tana saki, tana kama tana saki, ka lura da inda girgizar take fitowa. In a sitiyari take, har hannunka na rawa, ka zargi faifan gaba. In a kujera take da bayan mota, sitiyari lafiya lau, ka zargi gangar baya, ta daina zama da'ira sosai. Akwai gwaji mai sauƙi. A fili, babu lodi, babu kowa a gabanka, kana tafiya a hankali kamar gudun keke, ka ja birkin hannu kaɗan kaɗan ba tare da ka taka na ƙafa ba. Birkin hannu baya kawai yake kamawa. In ka ji fizgar, ciwon a baya yake. In ba ka ji ba, koma gaba.

Me ke lalata faifai? Zafi da ɗaurin noti. Direba ya gangaro da lodi ƙafarsa a kan birki maimakon ya sauko da giya, faifai ya yi jawur, sai ya tsaya a shingen duwan ya danne birki ya riƙe. Wurin da takalmi ya zauna sai ya bar tabo, daga nan kaurin faifai ya daina zama ɗaya. Ko ya faɗa ruwan damina da faifai mai zafi. Sai maganar noti, wadda ita ta fi ba ni haushi saboda ba ta cin ko dala. Yaron mai faci ya ɗaure noti ɗaya ya hau sifana da ƙafa har ta yi ƙara, sannan ya bi na kusa da shi. Noti ana ɗaure shi ne a tsallake, wannan sai na daura da shi, kaɗan kaɗan, har su zauna daidai. Ku tsaya a kan yaran nan lokacin da suke mayar da taya. Kuma kafin a kai faifai wurin mai yanka a sassabe shi, a duba gefensa, kamfani ya buga iyakar siririntarsa a jiki. In ya kai wannan lamba, sabo za a saya.

Yanzu ga wanda ya fi cin rai, wato jan gefe. Ka taka birki mota ta karkata dama ko hagu, kai kuma ga babbar mota tana tahowa. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne mota tana bin gefen da ya fi kamawa ne. In ta ja dama, ba lallai ne dama ke da laifi ba, wataƙila hagu ne ya daina aiki. Makanike mai gaggawa sai ya kwance gefen da ka nuna masa, ya karɓi kuɗinsa, ciwon yana ɗaya gefen. Ka ce a buɗe duka biyu.

Amma kafin a kwance komai, a fara da mai arha. A gwada iskar tayoyi, a duba ko tayoyin gaba girmansu ɗaya ne, domin ina ganin motoci a tashar nan da sabuwar taya a dama, tsohuwa mai sanƙo ta wani girma a hagu. Bayan haka a yi tafiya ta ɗan lokaci a tsaya, a kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa. Na ce kusa, kada a taɓa ƙarfen. Ƙafar da ta fi sauran zafi sosai, ko take warin ƙuna, birkinta ba ya saki. A ɗaga ta da jak a juya da hannu, za a ji tana turjewa. Ko fistin ɗin da ke tura takalmi ya yi tsatsa ya maƙale, ko sandunan da yake zamewa a kansu sun bushe babu giris, ko tiyon roba ya rufta daga ciki, mai yana shiga ba ya komawa. Tun da an riga an ɗaga, a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga, sannan dama da hagu. In akwai wasa, boris ne ko mahaɗan sitiyari, kuma su ma suna kawo girgizar da ake ɗora wa birki. A baya kuwa a leƙa bayan ganga. In an ga jiƙa, mai yana yoyo a kan takalma, irin wannan takalmi ko ya zame ko ya cafke farat ɗaya. Ba a wanke shi da fetur a mayar. A gyara yoyon, a sake takalman, kuma a sake na ƙafa biyu tare, ba na gefe guda ba.

Kun tuna daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 iyaka tana rufe, motoci da yawa sun kwana wata da watanni a ajiye. Motar da ta daɗe a tsaye faifanta na yin tsatsa, fistin na maƙalewa, man birki kuma yana shan danshin iska. Man DOT 3 sabo sai ya kai zafin 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. Da ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa. Shi ya sa ake zubar da shi a sake sabo kamar duk shekara biyu. Wanda bai sake nasa ba tun wancan zama, ya san abin da yake ɗauke da shi. Kuma don Allah a daina zuba baƙin mai ko man giya ko ruwan sabulu a tankin birki. Baƙin mai yana kumbura robobin ciki gaba ɗaya, gyaran ya koma na kuɗi masu yawa maimakon kuɗin gwangwani ɗaya.

Alhazai, wannan ɓangaren namu ne mu masu kaya. Irin wannan mota abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kamar tan ɗaya ba, wato buhu 10 na kilo 100, har da direba da fasinja a cikin lissafin. Kowa ya san abin da ake ɗora mata daga Dawanau. Don ta jure sai a ƙara mata ganyen sifirin. To a kusa da gindin baya na yawancinsu akwai wani ɗan famfo mai sanda da ke auna yadda mota ta zauna. In ta nutse da lodi ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in babu lodi ya rage. Da aka ƙara sifirin mota ta daina nutsewa, sai famfon ya ɗauka babu kaya, ya bar gaba da aikin duka, faifai ya ƙone. Wani makaniken kuma sai ya ɗaure sandar sama da waya, sai ka dawo fanko ka taka birki baya ya kulle ya juya da kai. Duk wanda ya ƙara sifirin ya sa a sake saita wannan famfo. Ku kuma tuna, in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi.

Abu biyu ba ciwo ba ne. Motar da ke da ABS, in ka taka da ƙarfi a burji ko rairayi za ka ji birki yana bugun tafin ƙafarka, aikinsa ke nan, kada ka saki. Sai in yana yi a kwalta kana tsayawa a hankali, nan a duba na'urar da ke jikin ƙafa ko ta yi datti. Haka cafkar da birkin baya ke yi da sassafe bayan ruwan sama, danshi ne, in an taka sau biyu sau uku ya wuce. In bai wuce ba a buɗe.

Roƙona ga shugabanni shi ne a amince daga wannan wata, duk motar da za ta yi lodi da takardar ƙungiya, kamasho ya sa direba ya taka birki sau biyu a filin tasha kafin a ɗora buhu na farko, ni kuma in buɗe shafi a littafi in riƙa rubuta lambar mota da ranar da aka sake mata man birki. Mai kayan da ya so ya duba shafin kafin ya biya kuɗin mota, ofis a buɗe yake daga ƙarfe takwas.