Jawabin Tunawa Da Marigayi Muhammad Ali

Kun san ganiyar ɗan dambe ba ta daɗewa, kaka kaɗan ce hannu ya yi sanyi. To, a 1967 Muhammad Ali yana shekara 25, yana riƙe da kambun duniya, Amurka ta kira shi aikin soja ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Ya ce addininsa ya hana shi. Aka ƙwace kambun, aka yanke masa ɗaurin shekara 5, ya ɗaukaka ƙara. Fiye da shekara 3 bai shiga fili ba, 'yan uwa, a daidai lokacin ƙarfinsa! Sai 1971 kotun ƙoli ta soke hukuncin, kambun kuwa sai 1974 ya karɓo shi a Kinshasa. Ya rasu a 2016, Allah Ya jiƙansa.