Ƙirga Ƙofofi Kafin Ka Biya Kuɗi
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a Zango

 

Na miƙe a gabanku yau domin in ba da bayanin amanar da kuka ɗora mini bara, in kuma amsa laifina da bakina. Kun tuna mun yi karo-karo domin a saya wa ɗakin taron makarantarmu akwatin talabijin da kayan sauti, saboda ƙannenmu su riƙa kallon shirye-shiryen ilimi da labarun duniya. Ni aka damƙa wa kuɗin. Na bi ta Daura da Kazaure na shiga Kano, na kuma dawo da talabijin da wata doguwar sifika irin ta zamani, wadda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin kamar sanda. A kanti da aka kunna mini ita, sautinta ya cika wuri, ban tsaya juya bayanta ba na biya kuɗi. To, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Ran da muka zo haɗawa, kayan da ke gabanmu huɗu ne: dikoda ta tauraron ɗan Adam, da kwamfutar makaranta, da tsohuwar na'urar faifan DVD, da makirfon da shugaban makaranta yake magana da shi. Da na juya bayan sifikar sai na ga ƙofofi biyu kacal, ɗaya ta HDMI, ɗaya ta wayar haske, sai kuma wurin wuta. Ba wurin makirfo, ba wurin jan waya da fara. Malamin da ya koya mana lissafi yana tsaye, ya dube ni ya ce, "Yaro, huɗu a cikin biyu ba ta shiga." Ban sami abin cewa ba.

Waɗanda suka yi zamani da mu sun san yadda abin yake a da. Lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kaset ake sakawa a bidiyo, wayoyi kuwa kowa ya san su da launi: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Amfilifaya kuma bayanta cike yake da ƙofofi, ka haɗa rediyo, ka haɗa kaset, ka haɗa makirfo, har a sami saura. Doguwar sifika ta yau ba haka aka ƙera ta ba. Masu ƙera ta sun ɗauka cewa duk kayanka a jikin talabijin za ka haɗa su, shi kuma talabijin ya miƙa mata sautin ta waya guda. Wato talabijin ya zama dillali tsakanin dikoda da sifika, kuma kun san ba kowane dillali ne yake kai saƙo yadda aka ba shi ba.

Hanyoyin miƙa sautin guda uku ne. Ta farko ita ce wayar haske, wadda kamfanin Toshiba na ƙasar Japan ya fito da ita a 1983. Sauti kawai take ɗauka, ko dai na sifika biyu, ko kuma matsattsen sauti mai kewaye mai kallo irin na Dolby Digital da DTS. Ba ta iya ɗaukar manyan nau'o'in sauti na yanzu kamar Dolby TrueHD. Ta biyu ita ce ARC, wadda aka ƙara wa tsarin HDMI a 2009, domin sauti ya riƙa komawa baya daga talabijin zuwa sifika a cikin waya guda, kuma yawanci rimot ɗaya yana iya ƙara murya ko rage ta. Ta uku ita ce eARC, wadda ta zo a 2017, faɗin hanyarta ya ninka na ARC fiye da sau talatin, saboda haka tana wucewa da sauti ba tare da an matse shi ba. Amma fa sai talabijin da sifika duka biyu suna da ita za a ci moriyarta.

Ga inda gizo yake saƙar. A bayan talabijin, ƙofa ɗaya ce tak aka rubuta wa ARC. Namu ƙofofin HDMI biyu gare shi, sifika ta cinye ɗaya, aka bar dikoda da kwamfuta suna rububin ɗayar. Kullum sai an zare wannan an soka wancan, ga ƙurar hunturu, kafin wata uku ƙofar ta fara rawa. Bayan haka, wasu talabijin ɗin idan suka karɓi sauti mai kewaye daga dikoda, sai su rage shi zuwa na sifika biyu kafin su miƙa, wasu kuma ba sa wucewa da DTS sam, sai a ga hoto yana tafiya babu murya. Wani lokaci maganin yana cikin saitin sauti: idan yana kan PCM, yawanci sautin sifika biyu za ka ji, sai ka mayar da shi inda aka rubuta Auto ko Pass-through. Mun kuma gwada Bluetooth, sai muka ga bakin mai labarai yana motsi, magana tana biyowa a baya, ɗalibai suna ta dariya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne damina. Tsawa takan bi wayar kwanon tauraron ɗan Adam ta shiga dikoda, ta wuce ta HDMI ta ƙone ƙofa. Na'ura mai ƙofofi shida in ta rasa ɗaya, sai a koma wata. Mai ƙofa ɗaya kuwa aikinta ya tsaya. Don haka in hadari ya haɗu, a zare wayoyi, ba kashe wuta kawai ba.

Yanzu ga yadda muka gyara. Mun sayi ƙaramin akwati mai tara wayoyin HDMI uku ya fitar da guda, dikoda da kwamfuta suka huta, har da gurbi ɗaya a ajiye. Na'urar faifai muka haɗa ta da talabijin ta tsofaffin wayoyi masu launi. Makirfo kuwa ba dabara, sai da muka nemo amfilifaya da lasifika biyu, kuma wannan kuɗin daga aljihuna na biya, tun da kuskuren nawa ne. Gaskiyar magana ita ce, doguwar sifika kayan falo ce, ba ta ɗakin taro mai ɗaukar ɗaruruwan yara ba.

Ina roƙon duk wanda zai sayi irin wannan, ko don gidansa, ko don ƙaninsa mai gidan kallon ƙwallo, ya fara rubuta kayan da yake da su a takarda, ya ɗauki hoton bayan talabijin ɗinsa da waya, ya tafi da shi kanti. Ya juya bayan sifika ya ƙirga ƙofofi da idonsa, ya nemi inda aka rubuta ARC ko eARC, ya sa a gwada masa da dikoda, ba da kiɗan waya ba. Matambayi ba ya ɓata. Ina kuma ba ƙungiya shawara, daga yau kada a sake tura mutum ɗaya sayayya, a haɗa shi da wanda ya san aikin lantarki a cikinmu.

Rasitai suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Ina neman gafararku. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaukaka makarantarmu, ya mayar da kowa gida lafiya.