Gajeren Zango a Fagen Yaƙi

Duk mazaunin unguwar Sabo ya san barikin soja na Letmauk da ke unguwar Mokola. Letmauk sunan wani wuri ne a ƙasar Bama, inda sojojinmu na Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da dama, suka gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1944, rundunar Afirka ta Yamma ta 81 ta kutsa kwarin Kaladan a can ƙasar Bama, daji ne da duwatsu, babu titin mota. Daga sama jirage ke jefo musu abinci da harsashi, kuma ta rediyo suke sanar da inda suke. Idan na'urar ta mutu, yunwa ta zo.

Sirrin irin wannan rediyo na gajeren zango, wato megahaz 3 zuwa 30, shi ne igiyarsa kan haura sama, ta daki wani shimfiɗi na sararin samaniya, ta dawo ƙasa a nisan ɗaruruwan kilomita. Ta wannan hanya iyayenmu suka riƙa kama BBC Hausa tun 1957.

A namu zamanin, 'yan ta'adda sun sha farfasa turakun waya a Borno. Gajeren zango kuwa ba ya buƙatar turke. Muna kira ga hukumomin soja su ci gaba da horar da matasa a kansa.