Ga Tafki Kusa, Amma Ba Mai Sa Shi Ciki

Karatu: Yohanna 5:1-9

 

Karatunmu na yau ya kai mu Urushalima, wurin wani tafki da ake kira Betasda, kusa da Ƙofar Tumaki. Tafkin yana da shirayi 5, cike da makafi da guragu da shanyayyu, kowa yana jiran a motsa ruwan, gama sun gaskata wanda ya riga shiga shi ne zai warke. A cikinsu akwai wani mutum da ya shekara 38 yana fama da ciwo. Da Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, mutumin bai yi kukan rashin ruwa ba, bai kuma ce tafkin ya yi masa nisa ba. Kukansa guda ɗaya ne, ba shi da mutumin da zai sa shi cikin ruwan. Kafin ya ja jiki ya isa, wani ya riga shi.

'Yan'uwa, mu lura da kyau. Mai yiwuwa ne mutum ya kwana a bakin magani shekara da shekaru, maganin kuwa bai taɓa jikinsa ba. Irin wannan mutum yana nan har wa yau, har ma a ƙasashen da muke gani kamar ba su rasa kome ba.

Bari mu ɗauki Amurka. Ƙasa ce mai manyan asibitoci da ƙwararrun likitoci, amma jinya a can tana da tsada ƙwarai. Yawancin mutane suna dogara ga inshorar lafiya, wato kuɗin da ake biya kowane wata domin in ciwo ya zo kamfani ya ɗauki nauyin asibiti. Galibi a wurin aiki ake samunta. Tun 1965 gwamnati tana da shiri domin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, da wani shiri domin matalauta. A 2010 aka yi doka ta faɗaɗa shirin matalautan, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta ce kowace jiha tana da zaɓi, wasu jihohi kuwa, irin su Teksas, suka ƙi. A shekarar 2023 mutane wajen miliyan 26 ne ba su da inshora a ƙasar.

Su wane ne waɗannan? Da yawansu ma'aikata ne: masu sharar gidaje, masu yankan ciyawa, masu wanke kwanoni a gidajen abinci, masu lura da tsofaffi. Ba su tsufa su shiga shirin tsofaffi ba, maigidansu bai saya musu inshora ba, albashinsu kuma bai isa su saya wa kansu ba. Da yawa kuma suna zaune a unguwannin bayan gari, waɗanda aka sani da kyawawan gidaje da shuke-shuke. Wani littafi da Elizabeth Kneebone da Alan Berube suka buga a 2013 ya nuna cewa matalautan da ke unguwannin kewayen biranen Amurka sun fi na cikin biranen yawa. Amma tun da can an fi gina asibitocin sauƙi a tsakiyar birni. A bayan gari motar haya ba ta da yawa, wanda ba shi da mota tasa sai ya bar aikin yini guda kafin ya ga likita. Maƙwabta kuma ba su san da shi ba, domin kowa ya ɗauka ba matalauci a irin wannan unguwa.

Akwai dokar 1986 da ta hana asibiti korar wanda ya zo cikin halin gaggawa. Amma hawan jini da ciwon sukari ba sa ihu. Mutum yakan daure har ranar da zai faɗi, a kwashe shi zuwa asibiti, sa'an nan takardar bashi ta biyo shi gida. Ga tafki, ga ruwa, amma ba mai sa shi ciki da wuri.

To, me aka yi? A Memfis, jihar Tenesi, wani likita mai suna Scott Morris, wanda kuma fasto ne na ɗarikar Metodis, ya buɗe wurin jinya mai suna Church Health a 1987 domin ma'aikatan da ba su da inshora. A ranar farko mutum 12 ya duba. Ikkilisiyoyi da sauran masu ibada suka tallafa da baiko, likitoci suka ba da lokacinsu kyauta, majiyyaci kuma ya biya gwargwadon ƙarfinsa. A yau dubban mutane suke zuwa wurin. A gundumar DuPage kuma, bayan garin Shikago, inda masu hali suke da yawa, asibitoci da likitoci da hukuma suka haɗa kai a wani shiri mai suna Access DuPage. Ba su gina sabon asibiti ba. Kowane likita ya yarda ya karɓi wasu marasa inshora a ofishinsa, asibitoci suka ɗauki nauyin gwaji da kwanciya, aka raba kayan ya zama bai danne kowa ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Abin da za mu koya ke nan. Yesu ya shiga wurin da lafiyayyu suke ratsewa, ya ga mutumin, ya san ya daɗe, ya yi masa magana. Taimako daga gani yake farawa. A Markus sura 2 mutum 4 ne suka ɗauki shanyayye, suka buɗe rufin ɗaki suka saukar da shi gaban Ubangiji. Ba a ce ko ɗayansu likita ne ba, kafaɗa kawai suka bayar. A Luka sura 10 Basamariyen nan bai tsaya ga tausayi ba, ya fitar da dinari 2 ya biya mai masauki.

Kada mu ce wannan labarin Amurka ne kaɗai. Mu dubi Nyanya da Mararaba, inda masu yi wa Abuja aiki suke kwana. A 2022 Nijeriya ta yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya, duk da haka yawancin mutanenmu daga aljihu suke biya. Iyayenmu cikin bangaskiya sun san wa'azi da jinya tare suke tafiya, shi ya sa aka kafa asibitin Vom a 1922, da na Galmi a Nijar a 1950.

Saboda haka muna tambayar kowace ikkilisiya: wa ke kwance a shirayinku? Dattawa, ku san gwauruwar da ta daina shan maganin hawan jini domin kuɗi ya ƙare. Nas-nas da likitocin da ke cikinmu, ku keɓe Lahadi ɗaya a wata ku auna jinin jama'a bayan sujada. Mai mota ya kai mara lafiya asibiti. Matasa masu ilimi su taimaki dattawa yin rajistar inshora inda jiha take da shirin. Zumuntar mata ta buɗe asusun jinya, ko da kaɗan kaɗan ne, a riƙe shi da aminci. Kada kuma mu tambayi mara lafiya addininsa ko kabilarsa kafin mu ɗauke shi, gama Yesu bai yi wa mutumin Betasda irin wannan tambaya ba.

Kai kuma da kake saurarenmu a kan gadon ciwo, kana cewa ba ka da kowa, Ubangiji ya gan ka, ya san daɗewarka. Kada kunya ta sa ka ɓoye ciwonka ga 'yan'uwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba mai jinƙai, ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda suke kwance kusa da mu. Ka ba mu zuciyar ɗaukar nawayar juna. Ka ƙarfafa likitoci da masu jinya, ka ba shugabanni hikima, ka taɓa marasa lafiya da hannunka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.