Gobe a Bakin Bature



Zan fara da maganar da ta saɓa wa abin da aka karantar da yawancinmu tun firamare: aikatau na Turanci ba shi da siffar lokaci mai zuwa. Siffa biyu gare shi, ta yanzu da ta da, kamar "walk" da "walked". Duk yadda ka juya kalmar ba za ka sami ɗafa-ƙeyar da ke nuna gobe ba, irin wadda Faransanci yake da ita. Kan wannan matsayi Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka tsaya a babban littafinsu na nahawun Turanci da jami'ar Kambirij ta buga a 2002. To da me Bature yake zancen gobe? Galibi da wasu ƙananan mataimakan aikatau guda tara: will, would, shall, should, can, could, may, might da must. Kowanne daga cikinsu yana gaya wa mai sauraro iya inda mai magana ya tsaya wa zancensa, ko alkawari ya ɗauka, ko hasashe yake yi, ko umarni yake bayarwa. Wanda ya haddace su a matsayin alamun lokaci kawai ya bar rabin ma'anarsu a baya.

Tarihinsu ma ya nuna haka. A tsohon Turanci, kalmar da ta zama "will" so take nufi, wadda ta zama "shall" kuwa bashi take nufi, abin da ke wuyan mutum. Daga niyya da wajibi Bature ya ƙera gobensa. A 1653 John Wallis, masanin lissafi a Okusfod, ya rubuta nahawun Turanci da harshen Latin, ya kafa ƙa'idar cewa mai magana ya yi wa kansa "shall" in labarin gaba kawai yake bayarwa, ya yi wa wasu "will". Malamanmu na da sun sha horon yara a kanta. Yau kuwa da wuya ka ji ta a bakin ɗan Amurka, kuma ko a Ingila ta ja baya sosai.

Inda "shall" ta ƙi mutuwa shi ne doka. Ku buɗe kundin tsarin mulkinmu na 1999, za ku tarar da ita shafi bayan shafi. Sashen da ya ƙayyade lokacin zaɓen shugaban ƙasa da ita ya yi amfani, kuma ma'anarta a nan tilas ce a kan hukumar zaɓe, ba duba ba ne kan abin da zai faru. Lauyoyinmu sun daɗe suna kai ruwa rana a kotu kan ko wata "shall" wajibi ce ko jagora kawai, ko wata "may" ta bar wa jami'i zaɓi. A Amurka abin ya ishe su, har a 2007 aka sake rubuta ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayya, aka maye gurbin mafi yawan "shall" da "must" da makamantanta. Ɗalibin da zai sa hannu a takardar haya ko ta kwangila yana bukatar wannan sani fiye da ƙa'idar Wallis.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Huɗu daga cikin taran nan, would, could, might da should, siffar shuɗaɗɗen lokaci gare su, amma sau da yawa ba ruwansu da jiya. Wanda ya ce maka "Could you come tomorrow?" gobe yake nufi, ya dai ja da baya ne don ladabi, ya bar maka ƙofar ƙi a buɗe. "It might rain" ta fi "It may rain" rauni ga kunnen Turawa da yawa. Wato siffar da ke nuna nisan lokaci ita ce kuma ke nuna nisa daga tabbas.

Ku tuna allon sanarwa na kowace makaranta da kuka sani, takarda manne da gam, an buga hatimi, an sa hannu: "The examination would commence on Monday." Wanda ya rubuta ta girmamawa ya nufa, yana ganin "would" ta fi "will" kamala, kuma kowa a nan ya gane cewa ranar Litinin za a fara. Baƙon da ya taso a Landan kuwa zai tsaya yana jiran ragowar jimlar, domin a kunnensa "would" tana rataye ne da wani sharaɗi: da za a fara, in da kaza ya faru. Wannan ɗabi'a ta yaɗu a Turancin Najeriya, wanda marigayi David Jowitt, da ya koyar a Kano da Jos, ya rubuta littafi a kan yadda muke sarrafa shi a 1991. Ni ban ga laifin Turancinmu ba, harshe na masu amfani da shi ne. Amma ɗalibarmu za ta zauna jarrabawar WAEC, za ta rubuta wa wata jami'a a waje takarda. Haƙƙinta ne a kanmu mu nuna mata ma'anonin biyu, ta zaɓa da idonta a buɗe.

Haka abin yake in an waiwaya baya. Direba ya tashi daga tashar Lafiya da hantsi, da azahar mai mota ya ce, "He must have reached Akwanga." Yaro zai fassara da "dole ya isa Akwanga", kamar umarni ake ba direban. Alhali Bahaushe cewa zai yi, "Ai war haka ya kai Akwanga." Lissafi ne aka yi daga alamu. In kuwa aka ce "He should have reached Akwanga", ana iya nufin ana sa ran ya kai, ana iya nufin ya kamata ya kai amma bai kai ba, sai murya da yanayi su raba gardama. Har "will" kanta takan bar gobe ta dawo yanzu: a ƙwanƙwasa ƙofa, uwargida ta ce "That will be the driver", tana nufin ba ko shakka shi ne a tsaye.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna koyar da wannan kamar yaranmu sun zo aji hannu rabbana, alhali Hausa ta riga ta ba su duk abin da suke bukata. Muna da lokaci mai zuwa iri biyu. "Zan zo" daban, "nā zo" mai faɗuwar murya daban. Ta farkon shiri ce, ta biyun tana iya zama mai yiwuwa, tana iya zama gargaɗi, kamar uwa ta ce wa yaro mai wasa da wuƙa "ka yanke". Paul Newman ya bayyana wannan siffa ta biyu dalla-dalla a nahawunsa na 2000. A rubutun boko ba a sa alamar murya, shi ya sa take ɓuya, ta yi kama da "na zo" ta jiya, ɗalibai da dama ba su ma san suna furta ta kullum ba. "Za" ɗinmu kuwa daga tafiya ta fito, ita ce a cikin "za ni kasuwa", hanyar da "going to" ta bi, wadda "I go come" ta Buroka ma ta bi. "Would have" tana da 'yar uwa a "da na sani da na zo", kuma ɗan kasuwa a nan yakan ce "I for come". "Would" ta al'adar da ta wuce ita ce "a da mukan je".

Maganar ta wuce aji. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, cike da "may" da "likely". In mai fassara a rediyo ya mayar da "the rains may come late" zuwa "damina za ta makara", ya ba manomin doya da na riɗi a Doma ko Obi tabbacin da masana yanayi ba su bayar ba, shi kuwa da wannan tabbaci zai yanke shawarar ranar shuka. Haka ma'aikacin jinya da ke fassara wa majiyyaci "you may feel dizzy" da "you must not drive": ɗaya mai yiwuwa ce, ɗaya hani ne, kuma lafiyar mutum tana tsakaninsu.

Ina da roƙo ga sashen harsuna na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da malaman sakandare da ke zauren nan. A ajinku akwai masu jin Eggon, Alago, Gwandara, Migili, Mada da Tibi. Ku rubuta jimla huɗu a allo, "he will come", "he may come", "he should come", "he would have come", ku sa kowane yaro ya faɗe su da harshen gidansu, ya bayyana wa abokansa bambancin. Masu neman abin rubuta kundin digiri kuma su ɗauki waɗannan amsoshi da rikoda, su tantance su, domin yawancin harsunan jihar nan suna jiran irin aikin da aka yi wa Hausa a wannan fanni.