Dogon Hutu Ya Zo: Yara Suna Hannun Wa?

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da malamai ranar rufe makarantar firamare.

 

Dogon hutu yakan fara a ƙarshen watan Yuli, ya kai Satumba, watau tsakiyar damina. Maigida yana gona. Uwargida tana kasuwa ko wurin sana'a. Ungozomar asibiti da ma'aikacin ƙaramar hukuma ba su da hutu. Malamin da ke riƙe yara daga safe zuwa azahar kuwa ya tafi gida. To, yara suna hannun wa?

Babban abin tsoro shi ne ruwa. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini sun cika, rafi ya kawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci. A shekarar 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa. Wanka a kududdufi kuma yana jawo tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin katantanwa, ta shiga ta fata, yaro ya riƙa fitsarin jini. Wanda aka ga haka gare shi a kai shi asibiti, akwai magani.

Ga shawara. Maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa kai kamar yadda ake adashi. Yau yara suna gidan wannan, gobe gidan waccan, kowace uwa ta kawo mudun hatsi. Inda akwai kaka mai sauran ƙarfi a nemi taimakonta, a kuma kyautata mata. Kada a bar jariri a hannun yarinya 'yar shekara 7, domin ita ma renon take bukata.

A rufe rijiya da randa. A ɗaga maganin feshi inda hannun yaro ba ya kai. Wanda ya tasa yana iya bin mahaifinsa gona, amma aiki daidai ƙarfinsa, ban da feshi. A roƙi malamin allo ya ƙara lokacin karatu. Da yamma yaro ya buɗe littafinsa, kada boko ya zube kafin a koma.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba da damina mai albarka. Amin.